Idan Papa Bai Dube Ni Ba

Kwatano, farkon watan Afrilu

Fofo Mahunyon,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka na dajin Gabon. Mu nan lafiya lau. Tarin Papa ya yi sauƙi tun da ya rage sigari. Maman Odil mai fatauci zuwa Gabon ce za ta kawo maka wannan takarda. Na roƙe ta kada ta cusa ta cikin buhun busasshen kifi kamar waccan.

Fofo, kai ne yayana, kai kaɗai nake da shi, shi ya sa zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Fada a coci. Ina gane lokacin da Papa yake ƙarya.

Ba ƙaryar gida nake nufi ba, ta tebur. Ka san tun da dillancin mota ya mutu masa, da kartar ranar Asabar muke ci. Bayan tafiyarka aka fara, bari in gaya maka yadda take. Idan an ci abincin rana, dillalai su shida ko bakwai sai su rufe kansu a ofishin Tonton Firmin aminin Papa, kwantenar nan da aka huda wa taga a bayan filin motoci na Sekanji. Poka suke kiran wasan. Kowa a ba shi karta biyu ya ɓoye. Sai a buɗe biyar a tsakiya, uku tare, sannan ɗaya, sannan ta ƙarshe. Duk buɗewa a zuba kuɗi, kuma babu iyaka. Mutum yana iya tura duk abin da ke gabansa lokaci guda, kai kuma ko ka bi shi, ko ka zubar da kartarka. Wanda ba shi da komai yana iya yin burga har mai kaya ya tsorata ya zubar. Wannan ba cuta ba ce, wasan ke nan.

Ni ce mai rabawa. Da aka ɗan jima bayan rasuwar Mama, Papa ya ce ba zai bar ni gida ina hira da bango ba. Tonton Firmin ya dube ni ya ce, "Wannan ko garwashi aka ɗora mata a ka ba za ta ce uffan ba. Ita ce daidai, ku ba ta kartar." Suna kirana Madam Alƙali. Ba na magana, hannuna ne ke yi.

To ga abin. Idan Papa yana da karta mai kyau, in ya tura kuɗi sai ya ɗago ya dube ni cikin ido, ya ce, "Buɗe mana, Madam Alƙali." Idan burga ce, maganar nan dai zai faɗa, da murya iri ɗaya, har da murmushin. Amma hannuna yake kallo, ba fuskata ba. Ban taɓa kuskurewa ba.

Shi kuwa kullum cika baki yake. "Fuskata takardar kwastan ce, ba mai iya karanta ta!" Tonton ya ce, "Ai takardar kwastan jabu ta fi yawa, Gbenato." Su yi ta dariya. Amma Fofo, yanzu cinsa ake yi a hankali, kamar yadda gara ke cin ƙofa. Ya sayar da babur ɗinsa. Ya ce wai gwiwarsa ce ba ta son babur.

Sauran kwanakin mako ba ni da labari. Ina shara, ina dafa tuwon masara, Papa yana bakin tashar jirgin ruwa neman mai sayen mota. 'Yan ajinmu sun wuce sakandare. Idan na hango su da kakinsu sai in shige shagon mai gawayi har su wuce. Wani lokaci nakan raba karta a tabarma, ni da kujerar Mama, in buɗe nata in buɗe nawa. A gida Papa ba ya daɗewa yana kallona, ina jin Mama yake gani sai ya juya. Ranar Asabar ce kawai yake dubana sosai.

In gaya masa abin da na gani? Ina tsoron kada wani ma ya gani.

Ƙanwarka,
Sedami

*

Sansanin katako, tsakiyar watan Mayu

Kunkuruna,

Na samu takardarki, kuma wannan karon warin albasa take yi, an samu ci gaba. Lafiyata ƙalau, sai ƙudan daji da suka mai da ni abincinsu. Ki gai da Papa, ki ce masa na ce sigarin da ya rage ma ya ba maƙiyinsa.

Sau uku na karanta. Abin da na gani shi ne ƙanwata 'yar shekara goma sha biyar a kulle cikin kwantena da 'yan caca da hayaƙi, sauran kwanaki kuma tana wasa da kujerar mamaciya. Ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na san ki, Kunkuru. Ba za ki taɓa fito da kai ki ce a ɗauke ki daga nan ba, sai ki zagaya ta bayan gida. To na ji.

Na rubuta wa Tanti Hwefa a Paraku. Tana da kekunan ɗinki huɗu da 'yan mata masu koyo, ga abinci, ga mutane. Za ta karɓe ki. Keken Mama na nan a ɗaki yana cin ƙura, da shi za ki tafi.

Maganar ya kalli hannu bai kalli ido ba, ki bar ta. Zaman kaɗaici ne ke sa mutum ganin abin da babu. Kada ki gaya masa komai, kin san Papa da girman kai.

Yayanki,
Mahunyon

*

Kwatano, watan Yuni

Fofo,

Ina gaishe ka. Muna lafiya, sai ruwan sama da ya cika unguwa, har mun ɗora buhun gari a kan tebur. Papa ya ce in gaya maka maƙiyinsa ba ya shan sigari.

Fofo, ban zagaya ta bayan gida ba. Ta ƙofa na shigo, kai ne ba ka duba ba. Ban ce a ɗauke ni ba. Tambaya na yi maka, ka amsa wata daban. Na yi kuka da na karanta, amma ya wuce.

Kuma ba abin da babu nake gani ba. Saurara ka ji abin da ya faru Asabar ɗin da ta wuce.

An zuba kuɗi da yawa a tsakiya, kowa ya zubar, saura Papa da Tonton Firmin. A tebur akwai sarki, da tara, da huɗu. Na buɗe bakwai. Papa ya ƙara, Tonton ya bi. Kafin in buɗe ta ƙarshe Papa ya ce, "Buɗe mana, Madam Alƙali," yana kallon yatsuna. Biyu ce ta fito. Sai Papa ya sa hannu biyu ya tura duk abin da ke gabansa, har kuɗin hayarmu yana ciki, na sani.

Tonton ya ɗaga gefen kartarsa ya duba, ya ajiye. Ya kalli Papa. Sannan ya kalle ni. Sannan ya sake kallon Papa. Ya daɗe har shayin da ke kofinsa ya huce.

Ya ce, "Gbenato, da zuciyar zaki ka karya kumallo yau?"

Papa ya ce, "Biya ka gani, tsoho. Kallo kyauta sai a talabijin."

Tonton ya ce, "Sarki biyu ne a hannunka, na rantse da kabarin kakata. Ɗauki, ɓarawon garin Alada." Ya jefo mini kartarsa a kife.

Papa ya tashi tsaye ya buga tasa a tebur kowa ya gani: sarauniya da goma. Babu komai, iska ce. Aka kaure da ihu. Tonton ya dafe kai yana cewa, "Wayyo, ya kashe ni, ku kira matata!"

Doka ce mai rabawa ba ya duba kartar da aka zubar. Na duba, Fofo. Lokacin da nake tattarawa na ɗan karkata ta. Tara biyu ce. Da wadda ke tebur, tara uku ke nan. Ko yaron goye ba zai zubar da wannan ba, balle Tonton da ya fara karta tun ba a haife ka ba.

Ashe ya sani. Ya san Papa ba shi da komai, ya san in ya bi shi mun kwana a titi, sai ya zubar, har da wasan kwaikwayon dafe kai. Ban san sau nawa ya yi haka ba.

Papa ya sayi kaza a hanya, yana waƙa a bayan ɗan acaba, yana ce mini, "Kin ga aikin ubanki? Ki koya. Kowane jaki ya iya zubar da karta marar kyau. Gwani shi ne mai sa a zubar da mai kyau. Wanda ya fi shi kuma, shi ne mai zubar da tasa mai kyau in ya gane za ta kashe shi." Na ce to. Naman kuwa na tura shi gefen kwano.

Ba zan je Paraku ba. Ka ba Tanti haƙuri. Idan na tafi wa zai lura da shi?

Sedami

*

Kwatano, ƙarshen watan Yuli

Fofo,

Lafiya kuwa? Maman Odil ta je ta dawo babu takardarka. Ta ce motar sansaninku ba ta fito gari ba. Idan fushi kake yi da ni a kan Paraku, ka yi fushin a rubuce, zan karanta. Shirun ne ba na so. Gidan nan ya riga ya cika da shi.

An samu sabon ɗan wasa, wani saurayi daga Abijan mai suna Serj, ya zo sayen motoci. Ba ya wasa da yawa, ba ya dariya. Yana zaune kawai yana juya zobensa. Ban san me ya sa ba, ba na son zamansa.

Sedami

*

Sansanin katako, farkon watan Agusta

Kunkuruna,

Ba fushi ba ne. Ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu da gari, ni kuma zazzaɓi ya kwantar da ni, amma na tashi, har na koma kan zarto. Takardunki biyu tare suka iso.

Kin yi gaskiya, ban duba ƙofa ba. Ki yafe wa yayanki, kansa katako ne kamar aikinsa.

Labarin Tonton Firmin ya ba ni mamaki. Amma ni a ganina wannan abin kwanciyar hankali ne. Tunda mai ganin amininsa ne, ina matsala? Ki bar tsofaffi su yi wasansu.

Kin tuna mini wani abu. Lokacin da Mama take asibiti, ranar da likita ya gaya wa Papa gaskiya, na tare shi a baranda na ce yaya jikinta. Ya dube ni tsakiyar ido ya ce, "Da sauƙi, jibi za a sallame ta." Na yarda har na tafi kallon ƙwallo. Da muka koma gida kika rugo kika yi masa tambayar nan. Sai ya durƙusa ya kama hannuwanki yana cewa wai farcenki ya yi tsawo, ina reza. Bai ɗago ba har kika gaji. Papa zai iya yi wa duniya duka ƙarya, har da ni. Ke kaɗai ce bai taɓa iyawa ba. Ki riƙe wannan, abin alfahari ne.

Tanti ta ce gurbinki na nan har bayan bikin Maryamu na tsakiyar wata, daga nan za ta ba wata. Ban matsa miki ba. Na faɗa ne kawai.

Yayanki,
Mahunyon

*

Kwatano, bayan bikin Maryamu

Fofo Mahunyon,

Na gode wa Allah da ka tashi. Ka riƙa kwana cikin gidan sauro ko da zafi. Mu muna lafiya. Ruwa ya janye, buhun gari ya sauko ƙasa.

Ka ce abin alfahari ne. Na karanta wurin har takardar ta yi laushi. Ba ka san abin da ka ba ni ba.

Kafin takardarka ta iso, abin da nake tsoro ya faru. Serj ɗan Abijan ya yi Asabar biyu yana kallo. Na lura ba Papa yake kallo ba kamar sauran. Tsakanina da Papa yake kallo, kamar mai kallon igiyar shanya. A ta uku, Papa ya tura kuɗi masu yawa, ya ce in buɗe, idonsa a hannuna. Serj ko tunani bai yi ba. Ya ce, "Na bi." Da aka buɗe, huɗu biyu ce kawai gare shi, ƙaramar karta wadda ba mai hankalin da zai bi da ita. Ta ci. Ya sake yi kafin a tashi. Duk lokacin da Papa ya dube ni cikin ido kuwa, sai ya jefar da kartarsa tun kafin Papa ya rufe baki.

Papa ya ce, "Yaron nan da boka yake aiki."

Serj ya ce, "A'a, Papa, sa'a ce." Da zai fita ya ajiye mini kuɗin shan ruwa a gabana, ya ce a hankali, "Na gode, ƙanwata. Kada ki yi fashi mako mai zuwa." Na bar kuɗin a wurin.

A hanya Papa bai yi waƙa ba. Da muka isa gida ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon keken Mama. Ya ce, "Wannan ƙarfen tsatsa kawai yake yi."

Sai takardarka ta zo. Na zauna da ita a bayan gida. Da ina zaton Papa yana da alama ne, ni kuma na gano ta. Ban taɓa tunanin cewa kafin in fara rabawa ba ya da ita ba. A lokacin ai ci yake yi, da kuɗin karta ya yi wa Mama kabari mai tayil.

Papa yakan ce in kana shakka, ka zuba kaɗan ka ga abin da zai fito. Asabar da ta biyo na ce cikina na ciwo. Ya tafi shi kaɗai, suka riƙa rabawa bi da bi. Na wuni ina jin ƙarar kwanon rufi. Da yamma sai ga shi da kifi da burodi, yana waƙa tun daga bakin layi.

Washegari bayan coci Tonton Firmin ya zo duba ni. Papa ya fita sayo masa lemo. Tonton ya zauna a kujerar Mama, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Ya ce, "Madam Alƙali, yaya cikin? Na san irin ciwon nan, ranar Asabar yake kama mutum."

Na sunkuyar da kai.

Ya ce, "Jiya na zauna ina kallon ubanki kamar mai kallon bangon coci. Ban ga komai ba. Ɗan Abijan ya bi shi sau biyu, sau biyu ya ƙone. Har zoben ya daina juyawa."

Na ce, "Tonton, tara biyu ce ka zubar ran nan."

Ya ce, "Kai! Alƙali ma ɓarawo ne a ƙasar nan." Ya yi dariya kaɗan, sannan ya daina.

Na ce, "Me ya sa ba ka gaya masa ba?"

Ya ce, "In ce masa me, 'yata? Gbenato, ka daina son 'yarka ranar Asabar? Kuma in ya san na sani, zai zauna ya tuno duk hannun da na zubar masa. Ba zai ƙara shan ko ruwa a ofishina ba. Ni tsoho ne, abokaina sun fi yawa a maƙabarta." Ya juya hular. "Ni zan iya zubarwa. Yaron can ba zai zubar ba, kuma bakinsa zai kai wa wasu."

Bai ce in yi komai ba. Papa ya dawo da lemo suka shiga zagin juna.

Na yi tunani, Fofo. Zan iya zama gida duk Asabar, amma ciwon ciki ba ya shekara. Zai tambaya, in na ƙi zuwa zai ce wani ya yi mini wani abu a can, ya je ya yi faɗa. Zan iya gaya masa gaskiya. Na san abin da zai biyo baya. Zai ji kunya kwana biyu, sannan ya zaunar da ni a tabarma ya yi ta gwadawa, har ya iya kallona cikin ido babu komai a hannunsa. Papa gwani ne, zai iya. To ni ba na so ya koya. Abu ɗaya ke nan da nake da shi wanda ba kowa ke da shi ba.

Shekaranjiya muna cin abinci na ce masa ina so in je wurin Tanti Hwefa in koyi ɗinki, da keken Mama. Na ce karta ta ishe ni, hayaƙin yana sa ni ciwon kai. Na dube shi sosai lokacin da nake faɗa, muryata ba ta yi rawa ba. Bai gane komai ba. Ashe ni ma 'yarsa ce.

Ya ajiye cokali. Ya ce, "Madalla. Abin da nake so in ce miki ke nan tuntuni. Sana'a ta fi. Ni ma in huta da tuwonki mai gudaji. Kada ki damu da ni ko kaɗan, ni daɗi ma zan ji."

Hannuna yake kallo, Fofo. Har ya gama maganar bai ɗago ba.

Na ce to.

Tonton ya yi alkawarin zai riƙa jan shi gidansu cin abinci ranar Lahadi. Na nuna wa Papa inda maganin tarinsa yake. Na shafa wa keken mai, na ɗaure shi da zanen Mama. Kartar da nake rabawa a tabarma na bar ta a kan kujerar.

Motar Paraku ranar Litinin take tashi da safe. Daga yanzu ka riƙa aiko takarda gidan Tanti. Idan ka rubuta wa Papa, ka ce masa kai ne ka matsa mini.

Ƙanwarka,
Sedami